Malam Isiyaku da Ƙwaryar da Ta Ɗaga wa Jita Murya

Da safen nan labari ya same ni. Ina tsaye a bakin sito ana loda sifiku, wato lasifikoki, a mota za a kai wajen wani taro, sai ga waya daga Fulatan, can kusa da Rogo. Buba ne, babban ɗan maigidana. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Alhaji, Baffa ya cika."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Isiyaku Mai Rediyo ya rasu.

Na bar wa manaja aikin, na ce da direba mu kama hanyar Rogo. Mun samu jana'iza, alhamdulillahi. Yanzu haka a ƙofar gidansa nake zaune, mutane sun ɗan ragu, na ce bari in rubuta wannan tun abin yana da ɗumi a raina.

Da yawanku ba ku san shi ba. Bai taɓa buɗe shafi a wannan dandalin ba, wayarsa ma ƙarama ce mai madannai. Amma duk wanda ya taɓa zama a taron da kayan sautina suka yi aiki, ya ji magana tar har layin baya, to aikin hannun Malam Isiyaku ya ji.

Kun san ni, ba na ɓoye asalina. Ban gaji shago ba, ban gaji mota ba. Sakandare na yi a Karaye, ita ma sakamakon da na fito da shi ba na nunawa ba ne. Abin da nake da shi yau Allah ne ya ba ni, sai kuma waɗannan yatsun nawa. To amma yatsun akwai wanda ya nuna musu hanya, kuma shi muka kai makwancinsa ɗazu.

A shekarun tamanin ne. Muna da wani malamin lissafi ɗan Ghana, ni nake ɗaukar masa jitarsa in za a yi wasa a makaranta. Da zai koma ƙasarsu kaya suka yi masa yawa, ya bar mini ita. Ja ce, tana sheƙi, irin ta lantarki.

Ga wanda bai sani ba, jitar lantarki ba ta da ciki. Katako ne zalla. In ba ka haɗa ta da amfilifaya ba, wato akwatin nan da ke ɗaga sauti, kukan sauro ya fi ta ƙara. Shi kuwa akwatin, malamin lissafin ya tafi da abinsa. Ko da ya bari ma, ina wutar da za a jona shi a garinmu Unguwar Hajji a wancan zamanin?

Haka na riƙa yawo da ita a baya kamar goyo. Abokai in sun gan ni sai su ce in kaɗa musu su kalla, tunda dai ji ba za a yi ba.

Babana, Allah ya jiƙansa, manomi ne na gyaɗa da dawa. Jitar nan ba ta kwanta masa ba ko kaɗan. Amma akwai abin da ya fi ta tsaya masa a rai, shi ne takalmina.

Sau-ciki ne baƙi mai igiya, ga tudun dunduniya, ƙasansa roba mai kauri. A Kano na sayo shi. Ɗaure igiyar aiki ne, kwance ta wani aikin ne. A garinmu kuwa, a lokacin, saurayi tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya riƙe a hannu in zai wuce majalisar dattawa. Ni sai in rusuna da abina a ƙafa in yi gaba. Baba ya yi faɗa har ya gaji. A wurinsa boko da jita da takalmin nan duk uwarsu ɗaya.

Ƙarshe ya yanke hukunci. Da an gama girbi zan bi Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, mai kai shanu Kudu a babbar mota. In hau saman bodi tsakanin ƙahonni, in koyi yadda ake neman abinci.

Ni kuwa ba na so. Wallahi ba na so. Sai dai ban san abin da nake so ɗin ba tukuna.

Ana cikin haka rediyon Baba ta daina magana. Ya ba ni ita ranar kasuwar Rogo, ya ce in kai wa wani Bafulatani da ke ƙarshen layin maƙera, shi kaɗai ya yarda ya buɗe masa ita.

Rumfa ce ta kara. Babu wuta, babu benci. Ga buzu, ga randa a kusurwa, ga kurfoti da gawayi ya yi ja, an tura ƙarfen narka dalma a ciki. Wani dogon mutum siriri ya sunkuya kan wata rediyo, ko ɗagowa bai yi ba. Malam Isiyaku ke nan. Ina ɗaga ƙafa zan shiga ya ce:

"Ɗan boko, nan ba a shiga da takalmi."

Na ce a raina, ga wani Baban kuma. Kamar ya ji ni. Ya ce ba don girmansa ba ne, shi ba kowa ba ne. Ƙananan sukurori ne ke faɗuwa ƙasa, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Ƙafa za ta taka ta ji, a tsince. Takalmi kuwa binne su yake yi, sai mai rediyo ya yi ta jira har a je Kano.

Wannan dalili ne da ya shiga kaina. Na zauna na kwance igiya.

Da ya gama da rediyon Baba, wata waya ce kawai ta saki, sai ya nuna jitar da haɓa. Ya kara kunnensa a jikin katakon ya ce in kaɗa. Sannan ya ɗauki ɗan ƙaramin sukundireba ya kai kusa da ƙarafan da ke ƙarƙashin wayoyin, sai ga shi ya manne. Ya yi murmushi.

"Maganaɗisu ne da waya," in ji shi. "Wannan ba bebiya ba ce. Raɗa take yi, ta rasa mai ɗaga mata murya."

Bai taɓa ganin cikin amfilifayar jita ba. Ya faɗa mini haka tun ranar, bai yi mini burga ba. Amma ya ce kowace rediyo tana da ɗan sashen da ke karɓar raɗa ya mai da ita magana, kuma in batir zai iya ɗaga muryar mai labarai, bai ga abin da zai hana shi ɗaga ta jita ba.

Daminar nan kaf a rumfarsa na yi ta, duk ranar kasuwa, wani lokaci har da ranakun da ba kasuwa.

Yana da wani buhu na matattun rediyoyi. Daga nan muka tsinto komai. Ɗan baƙin ayisi mai ƙafafu kamar kyankyaso, shi ne mai ɗaga sautin, daga wata kaset da ta faɗa rijiya. Sifika daga rediyon wata tsohuwar akori-kura. Maɓallin ƙara sauti daga wata da yara suka fasa. Manyan batura shida ya jera baki da gindi, ya naɗe su cikin kwali, ya ɗaure da robar tiyub ɗin keke. In sun fara sanyi a shanya su a rana kan rufin rumfa, su ɗan farfaɗo.

Ba ya zana komai. Ɗan katako yake samu ya kafa ƙananan kusoshi, ya riƙa ɗora kayan tsakanin ƙusa da ƙusa yana liƙewa da dalma. Ni ke hura gawayi, ni ke miƙa ƙarfe. Da tafiya ta yi tafiya sai ya zama shi ke hurawa, ni ke liƙewa.

Gwajin farko ayisin ya ƙone, don mun juya batir. Na ɗauka zai ɓata rai. Sai ya ciro shi da zafinsa ya kai mini hanci. Ya ce in riƙe warin nan da kyau, duk ranar da na sake jin sa in cire batir kafin in tambayi kowa. Har gobe ina shiga wajen taro hancina ne ke fara aiki kafin idona.

Muka koma buhu muka tono wani.

Sai matsalar gida. Sifika in tana tsirara ba ta da murya, sai an yi mata ɗaki. Muka sa ta a babban gwangwanin madara, ta riƙa zuza kamar an taɓo amya. Muka sa ta a akwatin katako, ya haɗiye sautin.

Matarsa Adda Hajjo tana tallar fura da nono a kasuwar, ita ke kawo mana na rana. Ba ta taɓa damawa ta ware nawa ba, ludayi biyu take sakawa. Ran nan ta zo tana mitar wata ƙwaryarta da ta tsage, an ɗinke ta tana ta yoyo, ta ce kaji za ta bar wa. Malam ya karɓa ya juya ta, ya kifa fuskarsa a ciki ya yi sallama. Muryar ta fito da kauri kamar ta liman.

Suka yi 'yar muhawara da Fulatanci, ita tana dariya. Daga baya ta juyo gare ni da Hausa ta ce in ƙwaryarta ta zama mawaƙiya, to kada a manta wadda ta raine ta.

Ya yanka faifan katako daidai bakin ƙwaryar, ya huda tsakiya ya zaunar da sifikar, ya cusa sauran kayan da baturan a ciki. Adda Hajjo ta kawo faifanta mai ado aka rufe fuskar da shi.

Bayan la'asar muka gwada. Ina zaune kan wani dutse kusa da randa, inda kullum nake zama, ƙafafuna a kan ƙasa mai laima. Na ja waya ɗaya.

Maƙeran layin nan suka ajiye guduma.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Abin da na shekara ina jin sa ni kaɗai a ƙirjina, yau ga shi ya fito fili yana yawo a kasuwar Rogo. Malam kuwa ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar.

A ranar ne ya ce hannuna ba ya rawa, kunnena kuma yana jin abin da ya ɓaci. In Baba ya yarda zai riƙe ni in koyi sana'ar. Sai a lokacin na gane abin da nake so. Ba kiɗan ba ne ma sosai. Rumfar nake so.

Da kansa ya tako keke har Unguwar Hajji. Baba ya karɓe shi da mutunci, aka shimfiɗa tabarma, aka sha gaisuwa. Amma da aka zo kan magana Baba ya ce yaron nan ba sana'a ke kai shi Rogo ba, kiɗa ne, kuma ya riga ya yi magana da Sale. Malam ya yi ta ba da haƙuri. Can Baba ya ce ya ji ƙungiyar matasa ta sa ni cikin masu wasa ranar buɗe azuzuwan da aka gina da aikin gayya, a gaban dagaci da dattawan gari.

"In ya kunyata ni ranar, Malam Isiyaku, kada ka sake tako ƙafa kan wannan magana. In bai kunyata ni ba, ma gani."

Motar Kawu kuwa tana nan, girbi ya zo ƙarshe.

Ranar taro na shirya abina yadda na ga mawaƙa a bangon kaset. Na sa aka kawo teburin hedimasta ya zama dandamali. Wayar da ke tsakanin jita da ƙwarya gajera ce, sai na ƙara mata wata doguwa don in samu damar takawa. Takalmi ya sha fenti har kana ganin fuskarka. Malam bai ga ko ɗaya daga cikin wannan shiri ba, tayar kekensa ta yi faci a hanya, sai da aka fara ya iso.

An yayyafa wa fili ruwa. Dattawa na kan tabarmi, takalmansu jere a gefe. Dagaci na kan kujera. Mata da yara sun yi da'ira. Baba yana layin gaba.

Aka kira sunana. Na hau tebur. Na murɗa maɓalli.

Maimakon jita, sai ga muryar wani ƙato daga cikin ƙwaryar Adda Hajjo, tar kamar yana tsaye a filin: "Kana fama da basir? Zama ya gagare ka?"

Daidai lokacin kuwa dagaci yana gyara zama.

Gidan rediyo ƙwaryar ta kamo, ana tallar magani. Yara suka zube ƙasa don dariya. Mata suka toshe baki da mayafi. Wani dattijo ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Na murɗa maɓalli in rage, a ruɗe na ƙara. Mutumin ya shiga lissafa alamomin cutar ɗaya bayan ɗaya, bai bar komai ba.

Ban kalli kowa ba sai Baba. Bai yi dariya ba, bai ɗaure fuska ba. Hannu kawai ya miƙa yana laluben takalminsa zai tashi. Na ga motar shanu ƙiri-ƙiri a gabana.

Malam bai yi gudu ba. Ya jingine keke, ya ratso mutane da tafiyarsa ta kullum, ya zo gindin tebur. Ya kama doguwar wayar nan yana naɗe ta a hannu, ya ce da ni ƙasa-ƙasa:

"Sauko. Cire takalmin. Taka ƙasa, ka dafa wayoyin jitar."

Na ce, "Maigida, a gaban mutane?"

"A gabansu ka hau."

Na zauna a bakin tebur, gari guda na kallo, mai maganin basir na ta bayani, na kwance igiyar nan ƙafa bayan ƙafa. Na ajiye takalmin gefe. Na sauko. Ya riga ya cire ƙarin wayar, saura gajerar, ƙwarya kuma tana ƙasa, don haka ba halin tsayawa. Dole na durƙusa. Kuma inda ƙwaryar take, fuskata dattawa take kallo.

Ina taka ƙasar nan mai laima, na ɗora tafina kan wayoyin, sai muryar mutumin ta yi ta ja da baya kamar mai tafiya, har ta ɓace.

Baba yana riƙe da takalmi ɗaya a hannu, bai saka ba.

Na kaɗa. 'Yar waƙa ce da muka shirya ta aikin gayyar, da sunayen unguwannin da suka kwaɓa ƙasa da waɗanda suka ɗebo ruwa. A durƙushe na yi ta har ƙarshe. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Dagaci ya ce a miƙo masa ƙwaryar, ya juya ta, ya leƙa ta ƙasan faifan, ya tambaya ko wannan ɗinkin na gefe shi ma aikin injiniya ne. Aka sake dariya, amma wannan karon ba ni ake yi wa ba.

Yanzu ga abin da ya sa nake wannan dogon rubutu.

Da aka watse Baba ya kira Malam gefe, ina tsaye bayansu da takalmi a hannu. Ya ce, "Malam Isiyaku, yaron nan na yi shekaru ina fama ya cire takalmi a gaban manya. Kai da magana ɗaya ya cire, har da durƙuso. Lallai ka iya tarbiyya."

Shi ke nan fa. Shiru kawai Malam zai yi, magana ta ƙare. Ina ta addu'a a zuci Allah ya kama bakinsa.

Bai yi shirun ba.

Ya ce, "Baba, kada in karɓi yabon da ba nawa ba. Ba don ladabi na ce ya cire ba. Doguwar wayar ce ta zama eriya ta jawo rediyo, robar takalmin da teburin kuma suka raba shi da ƙasa. A rumfa kullum ƙafarsa na ƙasa, shi ya sa ban taɓa jin wannan matsalar ba. Ni ma yau na gane ta."

Na ji kamar in nutse. Na ce mutumin nan ya gina ya rushe.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya kalli ƙafafuna da suka yi butu-butu da laka. Sannan ya ce ashe har ƙarfe ya san ba a tsayawa kan manya da takalmi. Ya ce mutumin da zai faɗa masa gaskiya a inda shiru ya fi masa riba, shi zai ba ɗansa.

"Tafi da shi. In ya ƙi jin magana, ka kunna masa mai maganin nan."

Motar Kawu ta tafi Kudu ba ni.

A hanya na tambayi Malam me ya sa ya yi kasadar nan. Ya ce in ya karɓe ni a kan ƙarya, ranar da zai ce da ni kada in cuci mai rediyo da wane baki zai faɗa?

Ƙwaryar mun gyara ta daga baya. Muka shimfiɗe cikinta da takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi, muka ƙara mata ɗan ƙaramin kwandensa mai tace sauti a bakin shiga, ta daina jawo baƙi. Amma ni ban sake kaɗawa da takalmi ba.

Shekarun da na yi a rumfarsa ba za su shiga fos ɗaya ba.

Bai taɓa ce wa mai rediyo kaza ya mutu ba alhali waya ce ta saki.

Tsofaffi in sun kawo gyara sai ya tsaya ya kamo musu tashar da suke so kafin ya miƙa, don ya san idonsu ba ya ganin lamba.

Da zazzaɓi ya kwantar da ni a Rogo, a ɗakinsa na kwanta, shi ya koma zaure.

In na yi gyara mai kyau ba ya yabo a gabana. Sai dai in ji a bakin maƙera cewa ya ce ɗan bokon nan zai wuce shi.

A shekarun casa'in na fara haɗa manyan amfilifaya masu aiki da batirin mota, ina ba da haya wajen wa'azi da biki, daga Karaye har ƙauyukan Rogo. Da na ce zan koma Kano bai riƙe ni ba. Ya ciro ƙarfen dalmar nan daga kurfoti, ya tsoma a ruwa, ya naɗe a tsumma ya ba ni. Yana nan a ofishina cikin gilashi. Baƙi suna ɗauka wani tsohon makami ne.

Na yi na yi ya dawo Kano kusa da ni, ya ƙi. Ya ce wa zai bar wa rediyon mutanen Fulatan?

Har yau a ɗakin gyaran kamfanina ba a shiga da takalmi. Sababbin ma'aikata suna ɗauka don ana salla a ciki ne.

Ganina da shi na ƙarshe bayan ƙaramar sallar da ta wuce ne. Ido ya tafi, kunne ma ya yi nauyi. Na bar mota a waje, na tuɓe takalmi a bakin zaure, na shiga. Ban kai ga sallama ba ya ce, "Garba ne."

Na ce, "Maigida, wa ya faɗa maka?"

"Na ji tsayuwar mota, ban ji takun takalmi ba."

Ƙwaryar tana gefen shimfiɗarsa. Faifan ya koɗe, ɗinkin Adda Hajjo, Allah ya jiƙanta, yana nan. Buba ya jona masa ita da 'yar rediyonsa don ya riƙa jin karatu da labarai, tunda kunne ya ƙi. Ya dafa ta yana dariya, ya ce abin da muka hana ta da ƙuruciya shi take yi da tsufa.

Ya tambaye ni jitar. Na ce tana nan rataye. Ya ce in na tashi dawowa in zo da ita, yana so ya ji ko yatsun Alhaji sun yi ƙiba. Na ce in sha Allahu da babbar salla.

Allah bai nufa ba.

Ɗazu a maƙabarta, da muka isa bakin shiga, kowa ya tuɓe takalminsa. An kwaɓa ƙasar rufi, wajen duk ya jiƙe. Ina tsaye a bakin kabarin sai na ji laimar nan a tafin ƙafata, irin ta gindin randarsa, irin ta filin makaranta. A nan ne abin ya kwance mini. Tun safe ban yi kuka ba sai a wurin.

Buba ya ce Baffa ya bar wasiyya a ba ni ƙwaryar. Ga ta nan a cinyata ina wannan rubutu. Baturan ciki sun yi sanyi. Gobe in Allah ya kai mu zan shanya su a rana.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka san bai ci haƙƙin kowa ba, bai karɓi ko yabon da ba nasa ba. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya ɗaga muryar abin da ba a ji, ka ɗaga darajarsa a Aljanna Firdausi. Ka haɗa shi da Adda Hajjo da Babana cikin rahamarka. Ka ba Buba da 'yan'uwansa haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

'Yan'uwa, ba laik nake nema ba yau. Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu, ya sa Malam Isiyaku Mai Rediyo cikin addu'arsa in ya idar da salla.

Allah ya jiƙan Maigida. Amin.